Mai Ƙaho a Cikin Fanteka

Inna Mairo ba ta cewa "safiya". In za ta rabu da maƙwabta da yamma sai ta ce "sai Allah ya tashe mu", in tana ba da labarin jiya sai ta ce "da gari ya waye". Baƙo zai ɗauka salon maganarta ne kawai. 'Yan unguwa kuwa sun san dalili. Ɗanta na fari sunansa Safiyanu, ita kuma a rugar da ta tashi, can wajen Birniwa, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kama ko kalmar da ta yi kama da sunan. Ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ba ta taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba. Da aka yaye shi ma, yayar mijinta, Goggo 'Yar'azumi, ta goya shi ta tafi da shi ƙauyensu na wajen Miga, sai da ya isa shiga makaranta ya dawo Haɗeja. In ya zama dole Mairo ta ambace shi sai ta ce "ɗan Goggo", ko ta ce wa ƙannensa "yayanku". A haka ya girma, ya yi gemu, ya yi aure, ba wanda ya taɓa jin harshenta ya zame.

To yau ɗan Goggo yana kwance a wani asibiti a Alƙahira, za a buɗe masa ƙirji. Likitoci sun ce wata 'yar ƙofa ce a cikin zuciyarsa ta ƙi rufuwa daidai, sai an canza ta. Matarsa Bashira, wadda take jinyarsa, ta aiko da saƙo tun jiya cewa kafin azahar za a shiga da shi, kuma yana so a kira shi ta bidiyo ya ga mutanen gida kafin a tura shi. Bai ce yana so ya ga Inna ba, don shi ma ɗan gidan ne, ya san yadda ake yi. Amma kowa ya gane wadda yake nufi.

Gidan kuwa cike yake maƙil. Damina ta yi nauyi bana, kogi ya tumbatsa ya bi fadama, ya haɗiye shinkafar mutane tana ɗaukar ciki, sannan ya shiga ƙauyen su Goggo ba sallama. A kwalekwale aka fito da ita da surukarta da jikokinta 'yanmata, aka kawo su nan gidan ƙaninta marigayi. Mazan unguwa duk suna bakin jinga suna ɗura yashi a buhuna don kada ruwan ya faɗo gari. Dogon ƙarfen sabis na kusa da su ma ruwa ya shiga injinsa ya mutu, wayoyi suka koma sanda ɗaya, ita ma sai an fita zaure an ɗaga hannu sama. Abin da ya rage wa gidan shi ne rauta, wata farar na'ura mai ƙahoni biyu da Safiyanu ya kawo bara tare da batirin sola. Ita take jawo sabis daga ƙarfen da ke can tsakiyar gari ta raba wa wayoyin gida. Inna Mairo ba ta wahalar da bakinta da sunan turanci, mai ƙaho take ce mata.

Adila, ƙanwar Safiyanu da ke koyarwa a Malam Madori, ta iso da hantsi, zaninta jiƙe har gwiwa. Ko ruwa ba ta sha ba ta shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna, ta zaunar da Goggo a tsakiya, 'yanmata suka kewaye su. Mairo ta ɗauko faifai da wake ta zauna can bakin ƙofa, ta ba su rabin baya, wai ita tsintar wake ce ta dame ta.

Adila ta danna kira. Waya ta yi ta ƙugi, ta yi ta ƙugi, sannan wani farin rufi ya bayyana, sai rabin fuska, ido ɗaya da gefen gemu. Fuskar ta tsaya cak.

"Hamma? Hamma, kana jina?" in ji Adila, don haka take kiran yayanta.

"Adi..." in ji wayar, sai shiru. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar hoton yana juyawa.

"Safiyanu! Ɗana!" Goggo ta kafa baki a jikin wayar tana ƙwala kira kamar yana hayin kogi. "Ga ni nan! Ka gan ni?"

Bai gan ta ba. Zoben ya yi ta juyawa har kiran ya katse. Adila ta sake kira, wannan karon ko rufin ba a samu ba. Can bayan wani lokaci saƙon Bashira ya rarrafo ya shigo: hotonku ya daskare, ba ma jin ku, ku sake gwadawa don an ce an kusa.

Adila ta miƙe ta nufi ɗan teburin da ke gefen gado. Ba komai a kai sai roba da aka tara wa yoyon rufi.

"Inna, ina rautar? A nan na san ta."

"Wajen yana zuba," Mairo ta ce, idonta a kan wake. "Na ɗaga ta sama."

Ta nuna kabad da haɓa. Doguwar kabad ce ta katako, kanta ya kusa taɓa rufi, an jera kwanuka a sama manya a baya ƙanana a gaba. Adila ta ga baƙar igiyar wuta ta fito daga jikin batiri ta bi bayan kabad ta hau, sai hankalinta ya kwanta.

"Madalla, sama ma ya fi mata," ta ce. Ta tsuguna ta zare igiyar, ta ɗan jira, ta mayar. "Wani lokacin gajiya take yi. In an kashe an kunna sai ta wartsake."

Abin da Inna ta faɗa gaskiya ne, sai dai gaskiyar ba ta cika ba. Ranar da rufi ya fara yoyo, ta tuna shekarar da ruwa ya shigo musu har ɗaki, aka yi ta tsamo kaya a cikin taɓo. Ta jira kowa ya fita, ta taka turmi, ta sauko da babbar fantekarta ta aure, irin kwanon ƙarfen nan mai fenti da murfi, wadda yaro zai iya zama a ciki. Ta kwantar wa mai ƙaho ƙahoninta, ta naɗe ta a tsumma, ta saka ta ciki, ta bar wa igiya ɗan wuri a bakin murfi, ta mayar bayan jere. A ganinta ba abin da ya fi wannan hankali. Abu ne mai tsada, kuma ɗan Goggo ne ya kawo shi da hannunsa, to ina za a ajiye shi in ba inda take ajiye sauran ba? Don fantekar ba fanko ba ce. Duk wani abu nasa da hannunta ya taɓa kaiwa a ɓoye tun yana jariri, a nan yake kwance. Ko marigayi mijinta har ya koma ga Allah bai san abin da ke ciki ba. Tun daga ranar 'yanmata suke ƙorafin waya ta yi nauyi, kowa ya ɗora wa hadari laifi, har da ita.

Adila ta sake kira. Rabin fuska, zobe, shiru.

"Ko data ce ta ƙare?" in ji surukar Goggo.

Adila ta duba, ta daɗe tana jiran amsa. "Akwai. Hamma da kansa yake saka mata, bai taɓa fashi ba." Ta ɗago ta dubi 'yanmatan ɗaya bayan ɗaya. "Ku kuma fa? Duk a kanta kuke, ko? Kowacce ta kashe tata. Abin kamar famfo ne, in an tara masa bokitai da yawa ba wanda zai cika."

'Yanmata suka fara noƙe-noƙe, wata ta ce ita wallahi ba ta kallon komai. Goggo ba ta tsaya jin rantsuwa ba. Ta shimfiɗa gefen zaninta ta ce kowacce ta zubo, ta ƙulle wayoyin tamau ta zauna a kai. Sai aka tuna rabin layin nan ma sun san kalmar sirrin rautar, don ba yadda za ka yi maƙwabci ya tambaye ka ka hana. Surukar Goggo ta yafa buhu a ka ta fita cikin yayyafi, gida gida, tana ba da haƙuri a kashe na ɗan lokaci, Safiyanu ne za a yi wa aiki. Ba wanda ya ƙi. Wasu matan ma biyo ta suka yi, suka tsaya a rumfar tsakar gida suna jiran labari.

Duk da haka zoben bai daina juyawa ba.

Mairo tana jin komai. Ba ta waiwaya ba, amma kunnenta duka yana cikin ɗakin, kuma tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da ruwa ya ci gidan. Ta san mutane suna shiga aikin nan su fito, ta kuma san waɗanda ba su fito ba. In aka tura shi bai gan ta ba, in kuma Allah ya yi ikonsa, da wace fuska zai tafi da ita? Ranar da zai tafi ya zo ya durƙusa ya yi mata sallama, ta ce "Allah ya kiyaye" tana kallon murhu. Shi ke nan abin da ta ba shi ya tafi da shi. Ta duba faifanta sai ta ga tsakuwa ta tara a gefe ɗaya da kyau, waken kuma ta watsa wa kaji.

Adila ta zagaya ɗakin da waya a sama. Ta tsaya gindin kabad, ta hau gado, ta koma bakin taga. Goggo ta ce hadari ne, ai ko rediyo in hadari ya haɗu shaƙewa take yi, a yi ta salati kawai. Ana cikin haka wani saƙon murya ya shigo, ya daɗe yana sauka kafin ya buɗu. Muryar Safiyanu ce, a hankali, da ɗan haki a ciki.

"Adila, sun kawo mini rigar shiga. In abin ya ƙi, ku bar shi, kada ku tayar wa mutane hankali. Ki gaida Goggo. Ki ce wa Inna..." Ana jin takun mutane a bayansa. "Ki gaishe ta kawai."

Adila ta goge ido da bayan hannu. Ta fita da gudu zuwa zaure, inda sanda ɗayar nan take, ta tura wa mijinta Mukhtar saƙo, shi da yake aikin kwamfuta a sakatariya. Ta dawo tana karanta amsarsa da ƙarfi tun daga tsakar gida.

"Ya ce in an kashe an kunna, an rage mutane, kuma akwai data, to wurin ajiyarta ne. Ya ce a fito da ita fili, a miƙe ƙahonin sama, a kai ta kusa da ƙofa ko taga ta wajen gari. Kada a sa ta bayan bango mai kauri, kada a rufe ta da komai. Ya ce musamman ƙarfe, ƙarfe yana toshe ta gaba ɗaya."

Gaban Mairo ya faɗi. Ƙarfe.

"Kwanukan nan ne ke kewaye da ita," in ji Adila, tana duban saman kabad. "Bari in hau in matso da ita gaba."

"Bar shi."

Da ƙarfi maganar ta fita, har matan da ke rumfa suka leƙo. Adila ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan gado.

"Inna?"

"Za ki zubo mini da jere."

"Inna, jere ake ta shi yanzu?"

Mairo ta juyo. Ta dubi ɗakin. Ga Goggo, wadda tun ranar da aka kawo Mairo gidan nan amarya take yabonta a dangi, tana cewa matar ƙanina Bafulatana ce ta gaske, ko kallon yaron ba ta yi. Ga suruka, ga jikoki masu bakin tsiya, ga maƙwabta a ƙofa. In aka sauke fantekar nan a gabansu, kafin la'asar labari ya kai bakin jinga. Ta yi tunanin ta ce kowa ya fita, amma korar Goggo daga ɗaki ya fi buɗe fanteka muni, kuma yana buƙatar bayani, bayani kuma yana cin lokaci. Ko ta jira su gaji su watse? Kila ma ba ƙarfen ba ne. Kila hadarin ne, kamar yadda Goggo ta ce. Mukhtar yana Malam Madori, me ya gani?

Waya ta yi ƙara kaɗan. Adila ta duba.

"Bashira ce. Ta ce masu tura gado sun zo, ta roƙe su su ɗan jira."

Mairo ta ajiye faifai. Ta fita ta mirgino turmi da kanta, ta kifa shi a gindin kabad, ta taka. Mace ce doguwa, har yanzu bayanta a miƙe yake. Ta miƙa wa Adila ƙananan kwanukan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta rungumo fantekar da hannu biyu ta sauko da ita, igiya tana biye. Ta dire ta a tsakiyar tabarma, a gaban Goggo, ta ɗage murfin.

Zafi ya bugo. Adila ta kai hannu ta warware tsumman, ga rauta nan ta yi zafi jau, ƙahoni a kwance, 'yar fitilarta tana ja.

"Inna! A ciki kika... tun yaushe?"

Ba wanda ya saurari amsa, don idon kowa yana kan abin da ke ƙasa. Jar hular saƙa ta jariri. Ɗan takalmin roba ƙafa ɗaya. Rigar firamare da aljihunta ya yage aka ɗinke da zare baƙi. Wata mota ta gwangwani da ya ƙera yana yaro, wadda ita da kanta ta ce a fitar mata da shara daga ɗaki. A sama kuma hotonsa sanye da doguwar rigar gama jami'a.

Goggo ta ɗauki hoton ta kai shi kusa da ido.

"Wannan ai nawa ne," ta ce a hankali. "Wanda ya ɓace daga bangona. Har yarinyar nan na daka a kansa."

Wata daga cikin jikokin ta buɗe baki za ta ce ai ita ce aka daka, uwarta ta taka mata ƙafa. Mairo ta ji kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa. Ta so ƙasa ta tsage. Amma Adila ba ta da lokacin kunyar kowa. Ta miƙe ƙahonin, ta ɗora rautar a kan teburi, ta danna kira. Fitilar ta koma ruwan ɗorawa. Fuska ta fito cikakkiya, Bashira ce, bakinta yana motsi.

"...gan ku! Adila, muna..." Sai ta daskare.

"Saura kaɗan! Ƙofa, ya ce ƙofa, kuma sama!"

Aka jona doguwar igiya, ta kai bakin ƙofa daidai, ba ta wuce ba. A nan kuma ba kanta, ba ƙusa, ba komai, gaba kaɗan ruwa ne ke zuba daga bakin rufi. Babbar jikar Goggo ta ɗaga rautar sama da hannu biyu. Fitila ta yi kore, hoto ya motsa, aka ji Safiyanu ya ce "Alhamdu lillahi", sai hannun yarinyar ya fara rawa, ta sauke kaɗan ta gyara riƙo, zobe ya dawo.

"Ki tsaya wuri ɗaya mana!"

"Zafi gare ta, Anti, kuma hannuna ya gaji!"

Mairo ta zare mayafinta. Ta murɗa shi ta naɗe ta yi gammo, kamar yadda hannunta ya saba tun tana budurwa, lokacin da take ɗauko ƙwaryar nono daga ruga zuwa kasuwar Birniwa ba ɗigo ya zuba. Ta ɗora gammon a ka, ta karɓi mai ƙaho daga hannun yarinyar ta aza, ta gyara mata zama da yatsa biyu. Ta tsaya a dokin ƙofa ta fuskanci gari, ta saki hannuwanta.

Fitila ta yi kore ta zauna.

Hoton ya fito tas, har ana ganin zanen da ke jikin matashin kansa. Ya rame. An sa masa wata shuɗiyar hula ta leda, ga roba a hancinsa, ga maza biyu masu koren kaya tsaye a bayan gadon suna duban agogo. Goggo ta karɓe wayar ta fara addu'a tana kuka tana ambaton sunansa a kowace gaɓa, shi kuma yana amin, amin. Ya gaisa da Adila. Ya ce wa 'yanmata su bar cinye masa data. Sannan idonsa ya shiga yawo a gefen hoton.

"Kowa lafiya dai?" ya ce.

Goggo ta dube shi, ta dubi jar hular da ke cikin fanteka. Ta miƙa wa Adila wayar.

"Kai masa uwarsa."

Adila ta zagaya ta fita cikin yayyafi, ta tsaya a gaban Inna, ta ɗaga wayar daidai fuskarta.

Safiyanu ya ga mahaifiyarsa tsaye ƙiƙam, ba mayafi, da farar na'ura a ka, ƙahoni biyu a miƙe. Dariya ta ƙwace masa, ya dafe ƙirji, Bashira tana cewa ya yi a hankali. Mairo ta so ta sunkuyar da kai, ta tuna abin da ke kanta. Ta so ta juya gefe, ta tuna an ce a fuskanci gari. Hannunta ya tafi neman gefen mayafi ya tarar ba ya nan. Ba abin da ya rage sai ta dube shi, ta kuwa dube shi, ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun yana shan nono a ɗaki ba kowa. Ashe yana da furfura a gefen gemu. Ashe idanunsa irin na mahaifinta ne. Hawaye ya zubo mata ta bar shi, don ko gogewa ta ji tsoron yi.

Dariyarsa ta tsaya.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Inna, ki yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba."

Ɗaya daga cikin masu koren kaya ya yi magana da Larabci, ya taka wani abu a ƙasan gadon. Gadon ya motsa. Bashira ta biyo shi da wayar, fitilun rufi suna wucewa ta saman kansa.

"Sun ce ba zan farka sosai ba sai gobe," ya ce. "To, Inna, sai Allah ya tashe mu."

Kalmarta ce ya ara, don ya sauƙaƙa mata, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Wata ƙofa mai faɗi ta bayyana a bayansa, an riga an tura ɓangare ɗaya. Mairo tana jin Goggo a bayanta, tana jin matan rumfa sun yi tsit.

"Allah ya kai mu safiya," ta ce. Kalmar ta fito mata baƙuwa, da ƙyar. "Safiyanu."

Ya ɗago kai daga matashi, har robar hancinsa ta ja.

"Na'am, Inna."

Ƙofar ta rufe. Sai fuskar Bashira, tana kuka tana cewa za ta aiko da saƙo da zarar an ce wani abu, sannan kiran ya ƙare.

Ruwa yana zuba daga bakin rufi, daga nesa ana jiyo hayaniyar maza a bakin jinga. Adila ta shigo jiƙe, ta kai hannu za ta sauke wa Inna kayan.

"Bar ta."

"Inna, aikin zai daɗe. Sai bayan la'asar ma kila. Bari in nemo ƙusa a kafa mata wani abu a nan."

"Nemo. In kin kafa na sauke."

"To ki sauke kafin nan, wuyanki..."

"In saƙo ya zo ya tarar na sauke fa?"

Adila ta tafi neman guduma a maƙwabta. Goggo ta yunƙura ta tashi, wayoyin 'yanmata suka zube daga zaninta ba wadda ta kula. Ta dafa bango ta zo bakin ƙofa. Mairo ba ta iya juyowa ta dube ta ba, ta dai tsaya tana jiran abin da za a ce mata. Ashe Goggo ta taho da jar hular daga fanteka. Ta kamo hannun Mairo ta buɗe shi, ta sa mata jar hular a ciki, ta rufe yatsun. Sannan ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a gefen ƙafarta, ta ciro carbi.

Mairo ta ci gaba da tsayuwa, kai a miƙe, tana fuskantar gari.